Ciwon da Awo Bai Gani Ba: Tarken Littafin Susan Rasmussen a kan Matan Azbin

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a wani asibiti na jihar Agadas ya san wannan mata, ko da bai san sunanta ba. Ta sauko daga garake a bayan motar albasa, ta kwana wurin dangi a cikin birni, da sassafe ta bi layi. Da aka tambaye ta abin da ke damunta, sai ta ce kanta na sara, gabanta na faɗuwa, ƙugunta ya riƙe, barci ya ƙaurace mata, abinci kuma ya fita ranta. Aka ɗibi jini, aka duba zazzaɓin cizon sauro, aka auna bugun jini, sa'an nan aka ce mata: “Inna, ba a ga komai ba. Ki sha wannan, ki huta.” Ta ƙulle ƙwayoyin a gefen zane ta koma gida, inda babu mai karɓar mata taɓarya balle ta huta. Bayan wata biyu ta dawo da kukan nan dai, ko kuwa ta daina zuwa, ta nufi wurin malam ko wurin masu kiɗa.

Wannan muƙala za ta yi tarken wani littafi da ya bi irin wannan mata har gida, wato Spirit Possession and Personhood among the Kel Ewey Tuareg, na Susan Rasmussen, Ba'amurkiya masaniyar al'adun ɗan Adam, wanda maɗaba'ar Jami'ar Kambirij ta buga a shekarar 1995. Abin da nake son tabbatarwa guda ne. Kalmar “ba a ga komai ba” iyakar awo take faɗi, ba ta faɗin lafiyar majiyyaciya. Littafin Rasmussen ya fahimci haka tun da wuri, ya kuma saurari zuciyar matan Azbin da kunnen basira, amma ya bar ƙugunsu da jininsu a bakin ƙofa. Mu da muke zaune tare da matan nan muna bukatar abin da ya ji, muna kuma bukatar abin da ya bari.

Abin da Littafin ya Ƙunsa

Marubuciyar ta zauna shekaru cikin Kel Ewey, wani reshe na Abzinawa da ke zaune a duwatsun arewa maso gabashin Agadas, kewayen dutsen Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022. Mutanen nan ba makiyaya zalla ba ne. Suna haɗa kiwo da noman garka da fataucin ayari. Maza ke jan ruwan rijiya da raƙumi ko sa su shayar da alkama da masara da albasa, su ne kuma ke ratsa Tenere, tafiyar kimanin kilomita 600, zuwa Bilma ɗauko gishiri da dabino, sa'an nan su gangara ƙasar Hausa su musanya da hatsi. Namiji kan yi wata biyar ko fiye ba ya gida. Mata ke riƙe da bukka da awaki da yara da tsofaffi.

A cikin wannan zama ne ake samun ciwon da suke kira tamazai. Mace kan yi shiru, ta daina walwala, ta ƙi abinci, ta ƙaurace wa mutane. Ana danganta wannan hali da shigar Kel Essuf, wato mutanen daji ko mutanen kaɗaici, domin kalmar essuf ta haɗa ma'anar dawa da ta kewa da ta rashin mutane. Idan rubutu da addu'ar malamai ba su kawo sauƙi ba, sai a shirya mata tende n goumaten. Da dare ake yi. A ɗaure fatar akuya a bakin turmi ya zama ganga, a kife ƙwarya cikin ruwa ana bugawa kamar yadda matan Hausa ke yi a kiɗan amada, mata su jeru suna waƙa da tafi. Sau da yawa matan maƙera ke riƙe da kiɗan. Majiyyaciya tana zaune, ba ta cewa uffan, sai kai da wuya da kafaɗu take karkaɗawa, ana kwatanta ta da reshen itace a cikin iska, har ta gaji ta faɗi. Ana ganin cewa irin waɗannan iskoki kan bi jini daga uwa zuwa ƴa, kuma yawancin masu kamuwa mata ne.

Inda ya yi Rawar Gani

Kafin wannan littafi, ra'ayoyi biyu sun yi tashe a tsakanin masanan Turai da Amurka game da dalilin da ya sa mata suka fi yawa a harkar iskoki. Na farko shi ne na I. M. Lewis, a littafinsa Ecstatic Religion na 1971, inda ya nuna cewa hawan iska makami ne na raunana, mace kan fake da shi ta tatsi miji sutura da turare da kulawa. Na biyu shi ne na Kehoe da Giletti a 1981, waɗanda suka ɗora abin a kan ƙarancin sinadarin kalsiyam a abincin mata. Na farko ya mayar da majiyyaciya mai dabara, na biyu ya mayar da ita kwalbar awo. Babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da su mutanen suke nufi da ciwon.

Rasmussen ta tsaya ta tambaya, kuma a nan ƙarfin littafin yake. Ta nuna cewa bayanin Lewis bai zauna daidai a Azbin ba, domin macen Kel Ewey ba abar tausayi ba ce a al'adance: ita ke da bukka, tana mallakar dabbobi, ba ta cikin kulle, tana kuma iya fita daga auren da ba ta so. Me zai sa mai wannan matsayi ta nemi mafaka wurin iskoki? Amsar da littafin ya bayar tana cikin takarakit, wato kunya da kawaici da ake tarbiyyantar da ƴaƴan manyan gida a kai. Mace mai daraja ba ta cewa tana kewar mijinta, ba ta cewa an yi mata auren da zuciyarta ba ta so, ba ta kuka a gaban surukai. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tarbiyya, shi ne ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai dai shi ne kuma ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Abin da baki ya haɗiye, jiki ke amayarwa.

A daren tende, inji wannan nazari, majiyyaciya na yin shiru, jama'a na yin magana a madadinta. Waƙoƙin na taɓo kewa da soyayya da tafiyar da ta yi nisa, har da zambo ga masu laifi, abubuwan da ba a faɗi da rana tsaka. Wadda kaɗaici ya kama sai ga gari ya taru dominta. Ko mai karatu bai yarda da iskoki ba, zai ga hikimar da ke cikin maganin ciwon kewa da taron mutane.

Binciken likitoci ya zo daga baya ya ƙarfafa wannan fahimta. Wani nazari na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka gudanar a ƙasashe 14, ciki har da Nijeriya, aka buga a 1999, ya gano cewa kashi 69 cikin 100 na masu ciwon damuwa mai tsanani da kukan jiki kaɗai suka zo asibiti. Ya kuma nuna cewa hakan ya fi yawa a wuraren da majiyyaci ba shi da wani likita tsayayye da ya san shi. Ashe mutum ba ya kwance wa baƙo cikinsa, a Azbin ko a wani wuri. Tun a 1989 ma, likitoci biyu a Amurka, Kroenke da Mangelsdorff, sun bi takardun majiyyata 1,000 a kan alamomi 14 da aka saba kawowa, irin su jiri da kasala da ciwon kai, suka tarar kashi 16 cikin 100 kaɗai aka gano musu sanadi a jiki. Saboda haka ciwon da awo bai gani ba ba alamar jahilci ko ƙauyanci ba ne. Shi ne kaso mai yawa na abin da ke kai mutane asibiti a duniya.

Inda ya Gaza

Duk da wannan yabo, akwai wurare uku da nake ganin littafin bai cika mudu ba.

Na farko, ya fi ba da ƙarfi ga alama da ma'ana a kan jiki da aiki. Mai karatu zai ƙoshi da bayanin abin da reshen itace ke nufi, da sirrin kiɗa, da matsayin maƙera tsakanin mutane da iskoki, amma zai tashi da ƙishin sanin awa nawa matar nan ke yi a tsaye, ciki nawa ta ɗauka, me take ci a watannin da rumbu ya yi ƙasa. Waɗannan ba ƙananan tambayoyi ba ne a ƙasarmu. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa a matsakaici macen Nijar na haihuwar ƴaƴa 7.6, kashi 76 cikin 100 na mata an aurar da su kafin shekara 18, kuma kusan rabinsu na fama da ƙarancin jini. Jiri da faɗuwar gaba da kasala alamomin kewa ne, alamomin ƙarancin jini ne kuma, haka ma na hawan jini da na ciwon maƙoƙo. Wanda ya gaggauta cewa “iskoki ne” da wanda ya gaggauta cewa “damuwa ce” duk suna iya barin mace ta mutu da cutar da ke da magani. Rasmussen ba likita ba ce, ba kuma za a tuhume ta da rashin ɗibar jini ba. Ta ma koma kan harkar magani a littattafanta na baya, kamar Those Who Touch na 2006 a kan mata masu maganin gargajiya. Amma wannan littafi, shi kaɗai, yana iya sa mai karatu ya shagala da kyawun bikin ya mance da wahalar mai bikin.

Na biyu, littafin ya fi kai mu daren kiɗa, bai cika zama da mu ba bayan gari ya waye. An ajiye turmi, ƴan kallo sun watse, miji yana nan a Bilma ko a Libiya, kishiya tana nan, rijiya ba ta matso kusa ba. An san cewa wasu mata kan maimaita tende sau da dama a rayuwarsu. Ga masanin al'ada wannan alama ce ta ƙarfin al'ada. Ga mai neman lafiyar ƴar uwarsa alama ce cewa an rage zafi, tushen ciwon yana nan.

Na uku ba laifin marubuciya ba ne kacokan, amma dole a faɗe shi. An rubuta littafin da Ingilishi mai nauyi, domin masana ƴan uwanta. Matan da aka yi shi a kansu ba za su karanta shi ba, malamin asibitin da ke duba su ma da wuya ya taɓa jin labarinsa. Ilimin da aka ɗiba a rijiyarmu ya tafi ya shayar da wata garka.

Ban da wannan, Azbin ɗin da littafin ya zana ya sauya. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun cinye dabbobi, alhali dabbobi su ne dukiyar mace, garka kuwa galibi ta namiji ce. Da noman albasa ya bunƙasa a Tabelot da makwabtanta, injin ban-ruwa ya maye gurbin raƙumi, kuɗi suka ƙaru a hannun maza, auren mace fiye da ɗaya ya ƙara yaɗuwa a inda a da bai yi yawa ba. Tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009 sun tarwatsa iyalai, har Iferwan ta taɓa zama kusan kufai. Daga 2014 kuma zinariyar Jado da ta Cibarakaten ta kwashe samari da magidanta. Ayari yana da lokacin tafiya da lokacin dawowa, mace na iya ƙirga wata. Mahaƙin zinariya ba shi da ranar dawowa. Idan essuf kewa ce, to ta ƙaru, ba ta ragu ba.

Darasi daga Manoman Japan

Domin ganin yadda za a cike giɓin farko, yana da kyau mu leƙa wata ƙasa mai nisa wadda manomanta suka sha irin wannan kuka. A ƙauyukan Japan, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, likitoci sun yi ta karɓar manoma, musamman mata, masu ƙorafin da awo bai tabbatar ba. Amaryar gidan manoma a can takan tare a gidan iyayen miji, ta yini duƙe a gonar shinkafa, ta riga kowa tashi, ta zama ta ƙarshen kwanciya, kuma kunyar uwar miji ba ta barinta ta ce ta gaji.

Wani likitan fiɗa mai suna Toshikazu Wakatsuki, wanda ya kama aiki a asibitin Saku na lardin Nagano a 1945, ya ƙi yarda da cewa babu komai. Shi da abokan aikinsa suka ɗauki wannan tarin ƙorafi a matsayin abu guda mai suna, nofusho, wato ciwon manoma, suka tsayar da alamomi takwas: riƙewar kafaɗa, ciwon ƙugu, mutuwar hannu da ƙafa, yawan fitsarin dare, haki, rashin barci, jiri, da kumburin ciki. Alamar da ke zuwa kullum maki 2, mai zuwa jefi-jefi maki 1, wanda ya tara maki 7 sai a sa masa ido. Ba su ce sun gano ƙwayar cuta ba. Sun danganta abin da yawan aiki, da ƙarancin abinci mai gina jiki, da sanyin ɗakuna, da matsin zaman gida, suka kuma ɗauke shi a matsayin gargaɗin cutar da ke tafe. Suka riƙa fita ƙauyuka duba mutane maimakon jiran su zo, har a 1959 suka fara awon lafiyar dukan mazauna ƙauyen Yaciho. Wani abin da zai burge ƙungiyoyinmu na al'adu shi ne, ma'aikatan asibitin da kansu suka riƙa shirya wasan kwaikwayo a ƙauyuka, domin nuna wa manoma illar daurewa da ciwo har lokaci ya ƙure.

Idan aka jera aikin Wakatsuki da na Rasmussen, sai a ga kowane ya riƙe abin da ɗayan ya saki. Ita ta nemo ma'anar ciwon a bakin masu shi, shi kuwa ya ƙirga shi, ya bi sawunsa har gona da madafa. Dukansu sun haɗu a kan abu ɗaya, sun gaskata matar da ta ce ba ta da lafiya.

Abin da ya Rage Gare Mu

Ba hurumin wannan muƙala ba ne yanke hukunci a kan tende ko bori. Malamanmu na addini sun daɗe suna magana a kan cuɗanyar maza da mata da dare da kuma neman waraka ta hanyar iskoki, littafin kansa bai ɓoye wannan saɓani ba. Adeline Masquelier ma, a littafinta na 2001 a kan Dogon Dutsi, ta nuna yadda bori ya ja da baya a gaban wa'azi. Tambayar da ta rage ita ce: idan an rufe wannan ƙofa, wace aka buɗe? Mace mai tamazai tana samun abu uku a daren kiɗa: an yarda ba ta da lafiya, an taru dominta, an faɗi damuwarta ba tare da an kunyata ta ba. Duk wanda zai karɓe mata turmi, malami ne ko likita, ya wajaba ya tanadar mata waɗannan uku ta wata hanya.

Afirka ba ta rasa misalai ba. A 1954 Dokta Adeoye Lambo ya fara zaunar da masu ciwon ƙwaƙwalwa a gidajen mutanen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, tare da danginsu. A Harare ta Zimbabuwe, daga 2006, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraren masu ciwon da a harshen Shona ake kira yawan tunani, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya tabbatar da amfanin hakan. Gwaggo da inna da kaka ba su yi mana ƙaranci ba a Agadas.

Ƴan uwa malamai, wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin ƴaƴan matan nan ne ke zaune a azuzuwanmu. Da yawa daga cikinmu sun ga ranar da ɗalibai mata suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, aka ce aljanu sun shiga makaranta. Kafin a kira ta maƙaryaciya, kafin kuma a rufe makaranta, a tambayi yarinya ko ta karya kumallo, ko ana maganar aurenta a gida, ko ita ke jinyar uwarta. A kuma tura ta awon jini.

Ƙungiyoyin al'adu kuwa aiki biyu ke gabansu. Na ɗaya, su tattara kalmomin da matanmu ke kwatanta ciwo da su, da Tamajak da Hausa, irin su faɗuwar gaba da ƙuncin rai da mutuwar jiki da ɗaurewar kai, a rubuta su da bayaninsu a miƙa wa makarantun horar da ma'aikatan lafiya. Malamin asibitin da aka turo daga Yamai ko Damagaram, idan ya san abin da tamazai ke nufi, zai ƙara tambaya ɗaya kafin ya rubuta magani. Na biyu, a taƙaita littattafan irin na Rasmussen cikin harsunanmu, a karanta a gidajen rediyo, matan Timiya da Tabelot da Bagzan su ji abin da aka faɗa a kansu, su gyara inda aka yi kuskure. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kammalawa

A taƙaice, littafin Susan Rasmussen ya cancanci wuri a ɗakin karatun duk mai son sanin Azbin. Ya wanke matanmu daga zargin ƙarya da raki, ya nuna cewa shirunsu magana ce mai tsari. Rauninsa shi ne ya tsaya ga ma'anar ciwon, bai sauka ga rijiya da turmi da ɗakin haihuwa yadda ya kamata ba. Cike wannan giɓi aikinmu ne, domin mu ne ke nan bayan baƙi sun tafi. Ranar da matar nan za ta sake saukowa a bayan motar albasa, a yi mata awo cikakke. Idan ba a ga komai ba, a gaya mata cewa awon ne bai gani ba, sa'an nan a jawo mata kujera a ce: “Inna, yaushe rabonki da jin labarin maigida? Wa ke kama miki aiki?” Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba mu kunnen sauraro.